Nana Asma'u 'Yar Shehu: Ta Tashi Cikin Yaƙi, Amma Zuciyarta Ba Ta Bushe Ba



Duk mai shiga Facebook ko TikTok ya san yadda abin yake. Yarinya ta sa hoton kammala karatunta, kafin awa ɗaya an samu wanda ya ce ai da kuɗi aka saya mata sakamakon. Wani ya yi hatsari, an ɗauke shi bidiyo yana kwance cikin jini, ana ta turawa a WhatsApp har da alamar dariya. Malamai biyu sun saɓa a kan mas'ala ɗaya, mabiyansu sun kwana suna zagin iyayen juna. Mu masu karantawa kuma sai mu kashe waya mu kwanta da zuciya a cunkushe, ba mu ma san takamaiman abin da ya ɓata mana rai ba. Abin tsoron shi ne mun fara sabawa, har muna ganin ai haka rayuwa take.

Shi ya sa yau na ɗauko tarihin wata baiwar Allah da ta rasu sama da shekara 160 da suka wuce. Sunanta ba baƙo ba ne a kunnenmu. Muna ganinsa a allon makarantun Islamiyya da na 'yan mata, muna jinsa a bakin malamai duk lokacin da aka zo maganar ilimin mata. Amma in ka tare mutum goma ka ce su faɗa maka abin da Nana Asma'u ta yi, yawanci iyakar amsar ita ce 'yar Shehu Usmanu ce kuma malama ce. Akwai ɓangaren rayuwarta da ya fi shafarmu a yau, wato yadda ta reni zuciyarta a kan abubuwa huɗu: ƙaunar mutane, tausayi, taya wani murnar alherin da ya samu, da natsuwa idan duniya ta juya. A wurinta waɗannan halaye koyonsu ake yi, kamar yadda yaro ke koyon babbaƙu da farfaru a makarantar allo.

Gidan da ta tashi

An haifi Nana Asma'u wajajen shekarar 1793 a Degel, wani ƙauye da ke ƙasar Gobir a wancan lokaci, yanzu kuma cikin jihar Sakkwato. Tagwaye ne ita da ɗan uwanta Hassan. A al'ada da Husaina za a kira ta, amma mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta abinci a kogo lokacin hijira.

Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama ƙwarai. Matan Shehu ne suka riƙe ta, cikinsu har da Hauwa'u, mahaifiyar Muhammadu Bello. Wannan ne tushen shaƙuwar da ke tsakaninta da Bello, wadda ta ɗore har ƙarshen rayuwarsa. Ka ga tun daga nan, yarinyar da ta rasa uwa ta samu reno a hannun kishiyoyin uwarta, kuma daga baya da ta girma ta ambace su cikin waƙa a sahun mata masu albarka. A gidaje da yawa a yau wannan kaɗai labari ne.

Degel ba birni ba ne, amma makaranta ce. Shehu ya yi kaurin suna wajen sukar malaman da ke koyar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma ya rubuta wannan a littafinsa Nurul Albab. Saboda haka matan gidansa karatu suke yi sosai. Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanta fiƙihu da tauhidi da tasawwufi, ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa har tana rubutu da dukkansu, tana kuma jin yaren Buzaye. Gidan na 'yan ɗariƙar Ƙadiriyya ne, wadda ake dangantawa ga Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza, wanda ya rasu a 1166. Wuridi da zikiri da tashin dare abubuwa ne da ta buɗe ido ta tarar ana yi.

Shekarun wuya

Tana da kimanin shekara 11 komai ya rikice. Dangantaka ta yi tsami tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, sai a watan Fabrairun 1804 suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Daga nan yaƙi ya ɓarke. A watan Yunin wannan shekara aka gwabza a Tabkin Kwatto, jama'ar Shehu suka yi nasara. Kafin shekarar ta ƙare kuma aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka ruwaito cewa mahaddata Alƙur'ani wajen 200 na cikin waɗanda suka rasu. A 1805 aka sake shan wuya a Alwasa. Ga yunwa, ga cuta, ga ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, har suka samu zama a Gwandu. Sai a 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi.

Mu ɗan tsaya a nan. Shekarun da mu muka yi a ƙaramar sakandare, ita ta yi su tana ganin ana dawo da gawarwakin mutanen da ta sani, tana ganin zawarawa da marayu na ƙaruwa kullum. Yara da yawa da suka ga irin wannan, ko dai su tashi da ƙullin ramuwa a zuci, ko kuma zuciyarsu ta dakushe su daina jin komai. Ba sai mun je nesa ba, muna ganin haka a yaran da rikicin 'yan bindiga ya raba da garuruwansu a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Tambayar ita ce, me ya hana ta zama haka?

Makarantar zuciya

Ana tsakar waɗannan shekaru aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Bello ya fara gina Sakkwato a 1809, Shehu ya koma can a 1815, ya rasu a watan Afrilun 1817. Asma'u ta zauna a Sakkwato tana renon 'ya'ya, tana kula da babban gida mai yawan baƙi, tana kuma taimakawa wajen tattarawa da adana rubuce-rubucen mahaifinta.

A 1820, tana da kimanin shekara 27, ta rubuta Tanbihul Gafilin da Larabci, wanda yana cikin ayyukanta na farko-farko. Abin lura shi ne batun da ta zaɓa. Ta yi bayanin halayen da ke halaka mutum da halayen da ke tserar da shi, da alamomin mai bin Sunna na gaskiya. Wannan tsari tsoho ne a ilimin tasawwufi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware kashi ɗaya cikin huɗu na littafinsa Ihya'u Ulumiddin ga halaye masu halakarwa irin su hassada, girman kai, fushi, riya da son a sani, ya ware wani kashin ga masu tserarwa irin su tuba, haƙuri, godiya, tawakkali da ƙauna. Malaman Sakkwato sun sha daga wannan rijiya sosai.

Yadda wannan horo ke aiki ba wani abin mamaki ba ne. Mutum yana ware lokaci kullum, safe da yamma, ya zauna wuri guda da alwala, ya maimaita istigfari da salatin Annabi da kalmar shahada da adadi sananne. Hankali zai gudu, ya dawo da shi, ya sake gudu, ya sake dawo da shi. Sannan ya yi wa kansa hisabi: yau wa na ji haushinsa, kuma me ya sa? Alherin wa na gani na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro? Wanda ya shekara yana haka, idan fushi ya taso zai gan shi tun yana nesa, kafin ya kai ga harshe ko yatsa. Mai lambu ya san cewa ciyawa ba ta bari a cire ta sau ɗaya a huta, kullum sai an zagaya.

Alƙur'ani ne tsakiyar wannan horo a wurin Asma'u. Ta tsara wata gajeriyar waƙa da ta ƙunshi sunayen surori 114 gaba ɗaya, domin mace ko da ba ta yi nisa a karatu ba ta riƙe su. A 1839 kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwan, inda ta tattaro abin da aka ruwaito na falalar surori ga mai ciwo, mai jin tsoro, mai damuwa, da mace mai naƙuda. Wato ta san cewa mutanen da ke kewaye da ita suna ɗauke da ciwon zuci, ta kuma nema musu magani a inda ta yarda akwai shi.

Tausayin da ya zama aiki

Bayan yaƙe-yaƙe, ƙasar ta cika da matan da rayuwarsu ta tarwatse. Akwai zawarawa, akwai waɗanda aka kamo a yaƙi aka shigar da su gidajen da ba su sani ba, cikin mutanen da suka ci garuruwansu. Gaskiya ɗaya ce, bauta ta ci gaba a daular Sakkwato kamar yadda take a sauran ƙasashen yankin a wancan zamani, kuma Asma'u ta rayu a cikin wannan tsari. Da yawa daga cikin matan nan Gobirawa ne da Hausawan karkara, ba sa jin Larabci ko Fulatanci, kuma abin da suka sani na neman sauƙi idan ciwo ko baƙin ciki ya zo shi ne bori.

'Yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, tana iya zamanta a cikin gida ta yi ta karatu da manyan malamai, ta kalli waɗannan mata a matsayin jahilai. Sai ta juya ta fara rubutu da Hausa domin su. A 1831 ta fassara waƙar Shehu ta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa, waƙar da ke gargaɗin masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci, domin talaka ma ya san haƙƙinsa.

Daga nan ta kafa abin da aka fi saninta da shi, wato 'Yan Taru. Tsarin mai sauƙi ne. A kowane ƙauye ana zaɓar dattijuwa mai hankali da riƙon amana a naɗa ta jaji. Asma'u da kanta take ba ta malfa da jan ƙyalle a naɗa a kai, alamar an ba ta izini. Ita jajin ce ke jagorantar ayarin mata, yawanci 'yan mata ƙanana da tsofaffin da suka gama haihuwa, su yi tafiyar kwanaki zuwa Sakkwato su ɗauki karatu. Idan sun koma gida sai su koyar da matan aure da ba su samu fitowa ba. Darasin cikin waƙa yake, saboda waƙa tana zama a ka, ana rera ta ana daka, ana kaɗi, ana raino.

Ita wannan malfa tana da tarihi. Irinta ce Innar Gobir, shugabar bori, ke sawa. Asma'u ta ɗauki alamar da matan suka saba girmamawa ta ɗora ta a kan malama. Ta yaƙi bori da alƙalaminta ba sassauci, amma matan da suka fito daga cikinsa ba ta wulaƙanta su ba, ta ba su matsayi da aikin yi. Mu kwatanta da yadda muke yi wa wanda ya yi kuskure a soshiyal midiya, inda ake ɗaukar hoton kuskurensa a ajiye, ko bayan shekara biyar in ya yi magana a fito masa da shi.

Ayarin kan zo da sadaka, kamar hatsi da zuma da tufafi, ita kuma ta raba wa mabuƙata. Karatun kuma bai tsaya a salla da azumi ba. Ana koya wa 'Yan Taru duba marasa lafiya, taimakon mai haihuwa, wankan gawa, sasanta masu rigima da kula da marayu. A makarantarta ba a rabe tausayi da aiki ba. In ka ji tausayin mutum, akwai abin da za ka tashi ka yi masa.

Murna da alherin wani

A cikin halayen nan huɗu, wanda ya fi mana wuya a wannan zamani shi ne mu ga wani ya samu mu ji daɗi har zuci. Waya ta mayar da rayuwa gasa. Wancan ya sayi mota, wannan ta tafi Umara, wancan ya samu tallafin karatu a Turai, kai kana zaune ana yajin aiki.

Dubi abin da Asma'u ta yi da alƙalaminta. Bello ya rubuta littafi a kan mata salihai na tarihin Musulunci, ya nemi ta mayar da shi waƙa. Ta yi da Fulatanci a 1836, ta yi da Hausa a 1837 da sunan Tawassuli ga Mata Masu Albarka. A ciki ta jero matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa, da waliyyai mata irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra, sannan ta haɗa da matan zamaninta da ta sani ido da ido, ta sa su a sahu ɗaya da waɗancan manya. Mace mafi shahara a ilimi a ƙasar ta zauna tana lissafa falalar wasu mata, tana sa a haddace sunayensu.

Marsiyoyinta ma haka suke. Ta yi wa manya, amma ta yi wa mutanen da ba don ita ba da tarihi bai san da su ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yabe ta da kyakkyawar maƙwabtaka da kirki. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke zuwa wurin mata masu naƙuda, take wankan gawa, take koyar da waɗanda ba su sani ba. Ta yi wa Hauwa'u, jajin da ta shekara da shekaru tana kawo mata ɗalibai. Da Bello ya rasu a Wurno a 1837, mutumin da ya jagoranci yaƙe-yaƙe ya mulki daula shekara 20, abin da ta fi tsayawa a kai cikin yabonsa shi ne halinsa: adalci, kyauta, haƙuri da taimakon mai rauni.

Mai neman alherin mutane yana rubutawa, idonsa na sabawa da ganin alheri. Mai neman aibi ma haka idonsa ke sabawa. Kowannenmu ya duba abin da ya wallafa a wata ɗaya da ya wuce, zai gane wanne ido yake horarwa.

Natsuwa ba rashin ji ba ce

Asma'u ta yi tsawon rai, kuma mai tsawon rai shi ke binne mutanensa. Ta rasa uwa tana ƙarama. Ta rasa mahaifi a 1817, ta rasa Bello a 1837, ta rasa mijinta Giɗaɗo wajajen 1850 bayan zaman aure na sama da shekara 40. A 1855 kuma ta rasa A'isha, matar Bello, aminiyarta tun ƙuruciya.

Marsiyar da ta yi wa A'isha na cikin rubutunta mafi taɓa zuciya. Ba ta ɓoye kukanta ba, ta bayyana kaɗaici da kewar da take ji, ta kuma nuna cewa shari'a ba ta hana zubar da hawaye ba, kururuwa da ƙin yarda da hukuncin Allah aka hana. Sannan ta mayar da lamarin ga Ubangiji, ta ci gaba da karantarwa. Bayan rasuwar A'isha ta yi kusan shekara 9 tana rubutu tana karɓar ayarin mata.

Wannan ya kamata mu gane shi da kyau, domin a wajenmu matasa an fara rikita natsuwa da halin ko-in-kula. Mutum ya ce shi yanzu ba ruwansa da kowa, ya toshe kowa, ba abin da ke damunsa, ya ɗauka ya kai wani mataki. Wannan gajiya ce kawai. Mai natsuwa yana jin zafi sarai, amma zafin ba ya ƙwace masa linzami. Kuma kar a ɗauka Asma'u mace ce mai sanyi-sanyi da ba ta da matsaya. Ta yi waƙa a kan nasarar yaƙin Gawakuke na 1836, ta yi waƙoƙin wa'azi masu tsoratarwa a kan azabar lahira. Tana da zafi a inda ta ga ya dace, sai dai ita ke riƙe da shi.

Ba mu kaɗai muka san wannan ba

Wani abin sha'awa shi ne, mutanen da ke nesa da mu ƙwarai a ƙasa da aƙida su ma sun lura cewa ana horar da zuciya. Mabiya addinin Buddha, wanda ya faro a arewacin Indiya kimanin shekara 2,500 da suka wuce, suna da waɗannan halaye huɗu a jere, da harshen Pali suna kiransu metta, karuna, mudita da upekkha, wato ƙauna, tausayi, murna da alherin wani, da daidaiton zuciya. Wani malaminsu mai suna Buddhaghosa, wanda ya yi aiki a Siri Lanka a ƙarni na 5, ya tsara yadda ake koyonsu a littafinsa Visuddhimagga. Mutum zai zauna shiru ya fara da yi wa kansa fatan alheri, sannan wanda yake girmamawa ko yake ƙauna, sannan wanda ba ruwansa da shi, daga ƙarshe wanda yake jin haushinsa. Ya kuma yi gargaɗin cewa kowane hali yana da na jabu mai kama da shi: son mallaka na iya shigar ƙauna, baƙin cikin da ke karya mutum na iya shigar tausayi, halin ko-in-kula na iya shigar natsuwa.

Asma'u ba daga can ta ɗauko nata ba, kuma tushen ya bambanta. Ita neman yardar Allah da koyi da Manzonsa (SAW) ne ya tsayar da ita. Na kawo wannan ne don mu ga cewa al'ummomi daban-daban sun gano abu ɗaya game da ɗan Adam: abin da zuciya ke maimaitawa kullum, shi take zama. Mu kuma muna da namu a gida. Addu'ar da Musulmi ke yi wa ɗan uwansa a bayan idonsa, da hana hassada, da umarnin mai fushi ya zauna ko ya yi alwala, duk darussa ne da muka haddace tun muna Islamiyya. Aiki da su ne ya yi mana ƙaranci.

Rasuwarta da abin da ta bari

Nana Asma'u ta rasu a 1864 tana da shekara 70 da ɗoriya, aka binne ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato, kusa da mahaifinta. Ta bar rubuce-rubuce wajen 60 da suka iso gare mu. Ƙanwarta Maryam, wadda ta taɓa zama a Kano a matsayin matar Sarki Ibrahim Dabo, ita ta ci gaba da jagorantar 'Yan Taru, kuma tsarin ya rayu har bayan zuwan Turawa a 1903.

Yawancin takardunta sun tsira ne a hannun zuriyarta, musamman Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Da taimakonsa wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta yi bincike ta fitar da littafi a kan rayuwarta a 1989. Daga baya ita da Beverly Mack ta Amurka suka tattara ayyukanta suka fassara su zuwa Turanci a 1997. Yau ana karanta ta a jami'o'in duniya, har ma wasu mata Musulmi a birnin Pittsburgh na Amurka sun kafa ƙungiyar karatu da sunan 'Yan Taru. A nan Rijiyar Zaki kuwa, kamar sauran unguwannin Kano, duk wanda ya ga matan aure da hijabansu da jakar littattafai sun nufi Islamiyya da yamma, ya ga irin abin da ta yi wa hidima duk rayuwarta.

To mu fa?

Ba wanda ya ce mu ajiye waya. Da waya muke karatu, da ita wasunmu ke cin abinci. Amma akwai abubuwa ƙanana da kowa zai iya gwadawa daga wannan mako. Bayan sallar asuba, kafin ka buɗe data, ka ba wa kanka minti goma na zikiri ko karatun Alƙur'ani, wayar tana nesa da hannunka. Idan ka ga wanda ya samu abin da kake nema, ka yi masa addu'a da sunansa kafin ka wuce, ko da zuciyarka ba ta so, domin da maimaitawa take sabawa. Idan an turo maka bidiyon wani cikin masifa, ka tambayi kanka ko akwai abin da za ka iya yi masa. In babu, kar ka tura gaba. Idan kuma wani ya tsokane ka a ƙarƙashin rubutunka, ka bari sai ka yi salla ɗaya tukuna kafin ka ba shi amsa. Sau da yawa za ka dawo ka tarar amsar ba ta da amfani.

'Yar uwa, ke ma da ke da mabiya dubu biyar ko dubu hamsin, ki tuna cewa jaji ɗaya ba ta da ko kwatankwacin wannan adadi, da ƙafa take tafiya, kuma da irinsu aka ilimantar da ƙauyuka. A cikin masu bibiyarki akwai wadda ba ta da mai ba ta shawara sai abin da ta gani a shafinki.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da iyayenta da malamanta, Ya jiƙan namu magabatan, Ya wanke mana zukatanmu daga hassada da ƙiyayya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.